Sunan Yaya a Wayoyin Mutane

Laraba, bayan La'asar

Yau aka naɗe tabarmin ƙofar gida. Addu'ar bakwai ta wuce, maza sun koma kasuwa, an bar mu da kwanukan aro waɗanda ban san na wa da wa ba ne. Ni Zakiyya da duk Mafara aka sani da baki, ga ni ina magana da takarda, don duk wanda na buɗe baki a gabansa sai ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin. Ba wanda ya gaya mani abin da ake yi bayan an yi shi.

Inna tana ɗaki da carbinta. Tun Yaya Jafaru yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, Babba take ce masa. Yanzu ko Babban ma ta daina faɗi.

Taiba, matarsa, uwar 'yarsa Nusaiba, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ɗazu ta kira ni ta ce in sauko mata da kwamfutarta daga saman durowa. Na tsaya ina kallonta, na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita, na sauko da ita.

Alhamis, da hantsi

Ashe jarrabawa ce. Karatun malanta da take yi daga gida, wanda Yaya ya dage ta yi, saura takarda ɗaya ta gama. Zaman farko ya faɗo cikin makon nan da ba na son rubutawa. Makarantar ta ba ta dama ta ƙarshe, nan da 'yan makonni, daga ɗakinta, kwamfuta a kunne, kyamara tana kallonta daga farko har ƙarshe. In ta wuce, sai ta sake shekara, kuma ba wanda zai sake tsaya mata.

Na ce, "Anti Taiba, ke kuwa ko idonki bai bushe ba."

Ta ce, "Abban Nusaiba ya riga ya sai data ta wata ukku don wagga jarrabawa. In bar ta ta lalace?"

Wayarsa ce a hannunta. Ranar nan shi ya ce ta riƙe babbar don tana da darasi, ya ɗauki ƙaramar tata ya sa a aljihu, ya kama hanyar Maradun. Ƙaramar ba ta dawo ba. Ban tambayi waɗanda suka kawo gawarsa ba.

Juma'a, bayan an sauko

Baffa Hamma, mahaifin Taiba, ya zo daga Maradun, ya zauna a zaure da sandarsa a kan gwiwa. An yi gaisuwa har na gaji da tsayuwa da butar shayi. Bayan an gama tambayar shanu da zafi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce in takaba ta ƙare zai zo ya tafi da ɗiyarsa. Inna daga bayan labule ta ce ba ta hana ba, amma Nusaiba ba za ta bi wannan hanya ba, ko da kuwa sama da ƙasa za su haɗe. Ba wanda ya ɗaga murya. Yarinyar da ake magana a kanta, 'yar shekara huɗu, tana tsakar gida tana yi wa 'yar tsanarta wanka.

Sai Taiba ta yi magana daga ɗakinta, a hankali. Ta ce shugabar wata makaranta a nan cikin gari ta yi mata alkawarin aji in ta kawo sakamako. In ta samu, za ta zauna a nan tare da Inna da ɗiyarta.

Baffa ya ce, "In kin samu, ki zamna. In ba ki samu ba, mace ba ta zama gidan da ba mijinta ba aikin yi."

Ya tafi kafin La'asar, don a yanzu ba mai bin hanyar nan in rana ta karkata.

Asabar, da safe

Na wanke kwanuka. Na mayar da na gidan Liman.

Litinin, bayan Azahar

Yau na zauna na ga yadda take jona wayar da kwamfuta. Akwai wurin da ake dannawa a wayar, hosfot suke ce masa, sai wayar ta buɗe datarta ga duk na'urar da ta san kalmar sirri. Sunan da ke fitowa a kwamfutar shi ne Jafaru Mai Albasa. Shi ya rubuta da hannunsa. Taiba ba ta karanta shi a fili, sai dai ta ɗora kibiya a kai ta danna.

Wayar tana zafi kamar dutsen guga in an jona. Ta gano cewa in ta ɗora ta a kan murfin randa kusa da taga, ta samu sanyi ta kuma samu sabis. Tawa wayar 'yar maɓallai ce, ban da kira ba ta iya komai, don haka duk wannan a wurina kallo ne.

Matar nan tana ba ni mamaki. Da ina yi mata tsiya in ce Yaya ya auro mana 'yar Fillo da ba ta iya tuƙin tuwo ba, ita kuma ta ce in na yi aure ta zo ta ga nawa. Yanzu da safe ta shafa wa Inna man zafi a gwiwa, ta yi wa Nusaiba kitso, ta zauna a tabarma da hijabinta mara ado tana karanta yadda ake tsara darasin 'yan aji uku, kamar ba abin da ya rushe a kanta. Ni ko allurar keken ɗinkina na kasa sa wa zare tun ranar.

Talata, kafin Magariba

Saƙo ya shigo daga kamfanin layi cewa an cinye rabin datar. Rabi, alhali Yaya ya saye ta ne ba da daɗewa ba. Na ce kwamfutar nan ce, tun da na gan ta na san ba ta da kunya. Taiba ta yi murmushi, ta ce da gaskiyata kaɗan, waya kurɓa take yi, kwamfuta kuwa kafa kai take, in ba a hana ta ba sai ta riƙa sabunta kanta a ɓoye har ta shanye komai. Amma ta ce ta riga ta toshe wannan tun farko. Bidiyon darasi ma ta daina buɗewa, rubutu kawai take saukewa.

Na ce, "To ina take zuwa?"

Ta ce in duba mata ko Nusaiba ta ci abinci.

Alhamis, da hantsi

An ji ƙara daga wajen gabas da asuba. Inna ta ce tayar mota ce. Kowa ya ce tayar mota ce.

Asabar, bayan La'asar

Na gano ɓarawon, kuma raina ya ɓaci. Taiba ta shiga alwala ta bar wayar a kan randa, na leƙa. A ƙarƙashin sunan Yaya akwai jerin na'urorin da ke jone, sun cika fuskar wayar har sai an ja ƙasa. Kwamfutarta guda ɗaya ce a ciki.

Na leƙa ta taga. A gindin katangarmu, cikin 'yar inuwar nan, matan da ke zaune a kangon bayan gidanmu ne jere, waɗanda suka taso daga ƙauyukan wajen Tsibiri bara da kayansu a ka. Kowace da waya a kunne, wata da tsagaggen gilashi, wata an ɗaure ta da roba. Na saba ganinsu a nan, na ɗauka inuwa suke sha.

Da ta fito na nuna mata. Ta ce, "Na sani, Zakiyya. Tun ranar farko nig gani."

Na ce, "Kin sani kika yi shiru? A canza kalmar sirrin mana, ai minti ɗaya ne."

Ta ce, "Shi yab ba su. Kullum in ya dawo daga gonakin Bakolori ya zamna bisa dakali, buɗe masu shikai su ji 'yan'uwansu. Kin san mi yas sa kalmar? Bismillah. Ni wa, da za ni ruhe abin da yab buɗe?"

Na ce ai shi ma da yana nan zai ce jarrabawa ta fi. Ta ce mai yiwuwa, amma ba ya nan, kuma abin da ya rage da za ta iya aika masa ke nan. Duk wadda ta ji muryar ɗanta ta wannan waya, ladan nasa ne.

Na fita na bar mata ɗakin. Haushi nake ji, kuma ina jin kunyar haushin.

Lahadi, da safe

Ban yi mata magana ba. Ta aiko Nusaiba da kunu.

Litinin, bayan Azahar

Na je kasuwa sayo wa Inna magani, na bi ta rumfar Fa'izu mai gyaran waya, aminin Yaya tun suna makarantar allo. Yana cikin waɗanda suka je ɗauko gawar ranar. Ba ya iya kallon idona, ni ma ba na iya kallon nasa. Na gaya masa halin da ake ciki, don in ban gaya wa wani ba zan fashe. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, yanzu zai tura data a layin marigayi, wadda za ta ishe ta har ta yi saura. Na ce ya dakata in tambaya.

Gara da na tambaya. Taiba ta ajiye biro ta ce, "Ina cikin takaba namiji shi riƙa aiko man da abu? Kahin arba'in matan unguwa sun ɗaura muna aure da baki. In zancen yak kai kunnen Baffa, ko na ci jarrabawa ba shi bari na."

Na ce wa zai sani. Ta ce ni zan sani, kuma ta san bakina. Na so in ji haushi, sai dariya ta kama ni, ita ma ta yi. Inna ta leƙo ta ga ko lafiya, don an daɗe ba a ji irin wannan a gidan ba.

Laraba, kafin Magariba

Wani saƙon ya sake shigowa. Abin da ya rage bai kai rubu'i ba, ga jarrabawa ranar Alhamis ta sama. Ta ce zaman zai ɗauki kusan duk safiya da kyamara a buɗe, kuma kyamara ita ce babbar mai ci. In layi ya yanke ana ba da 'yan mintuna a dawo, in ba a dawo ba shafin ya rufe kansa.

Duk da haka gobe da safe za ta kunna, matan za su zo. Ta rage nata karatun ne. Yanzu sai ta sauke shafi, ta kwafe shi da hannu a takarda, ta cire kwamfutar daga layin, ta bar wayar a kan randa tana yi wa wasu aiki.

Ban taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba. Ban kuma taɓa ganin wadda nake so in zama kamarta irin wannan ba.

Juma'a, da hantsi

Na zagaya wurin matan nan da niyyar in wanke su tas. Na shirya maganganuna tun ina shara.

Babbarsu, Iya Larai, ta matsa ta ba ni wuri a kan buhun da take zaune. Ta yi mani gaisuwar rashi tun daga farko kamar yau abin ya faru, ta tambayi Inna, ta tambayi mai takaba, ta tambayi marainiya. Kafin in buɗe baki ta ce in saurara, ta danna wayarta. Muryar wani saurayi ce, yana cewa yana Bakura yana lafiya, ya samu mai gonar da ya ɗauke shi, amma har yanzu ba a ji labarin ƙanensa ba. Ta sake dannawa muka sake ji. Ta ce ran da sunan Jafaru ya sake fitowa a wayar jikarta bayan rasuwa, sai da yarinyar ta yar da wayar ta ruga.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce dai, cikin lallami irin wanda ban san ina da shi ba, Taiba tana da jarrabawa ranar Alhamis, kuma in ba ta ci ba, za a raba ta da ɗiyarta, ga shi datar ta kusa ƙarewa.

Iya Larai ta dube ni. Ta ce, "Ɗiyata, wai abin ga ƙarewa shikai?"

Na ce ƙwarai kuwa, saye ake yi da awo.

Ta ce, "Mu mun aza kamar hasken fitila na, in ta kunnu kowa shi gani, ba ta raguwa don an duba. Bai taɓa hwaɗa muna ba."

Ta juya ta gaya wa sauran. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke wayoyin daga kunne. Wata ta rufe fuska da mayafi. Na taso ina jin kamar na kwashe wa mutane tuwo daga gaba.

Asabar, bayan Azahar

Gindin katanga ba kowa.

Lahadi, bayan La'asar

Ba kowa yau ma. Taiba ta duba wayar ta ga kwamfutarta kaɗai, ta kira ni da sunana haɗe da na mahaifina, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mi kic ce masu?"

Na ce gaskiya na faɗa masu, ban zagi kowa ba. Ta ce ba ta ce na zagi kowa ba, amma na sa baƙi sun ji kunyar abin da aka ba su da zuciya ɗaya. Ta ce in je in ce su dawo. Na je kangon, na tarar da tsofaffi biyu da yara, suka ce sauran sun fita tun da sassafe. Na bar saƙo.

Da na dawo ban same ta tana karatu ba. Tana zaune ta riƙe wayar da hannu biyu, fuskar a kashe.

Litinin, da hantsi

Na sa wa keke zare. Na ɗinke wa matar Liman riguna biyu da suka daɗe a wurina, abin da ta ba ni na sa kati a layin Yaya. Ni mace ce, ƙanwar miji kuma, ba mai cewa komai. Na danna lambobin da kaina, na zaɓi wadda na ga ta fi yawa kuma ta fi sauƙi. Ban gaya mata ba, so nake in ta gama in yi mata gori har ƙarshen takaba.

Laraba, bayan Magariba

Gobe ne. Na kai wayar da kwamfutar gidan Liman an cika su da sola. Inna ta sa an yi waina an raba wa yara sadaka, ba ta ce don me ba.

Matan ba su dawo ba. Ɗazu na hango wasu daga cikinsu suna saukowa daga motar 'yan albasa, ƙafafunsu duk laka. Suka gaishe ni daga nesa suka wuce.

Baffa Hamma ya kira a wayata ya ce a gaya wa Taiba Allah ya yi abin da ya fi alheri. Na san abin da yake ganin ya fi alherin.

Alhamis, bayan La'asar

Bari in rubuta tun ban manta yadda ya bi ba.

Ta zauna tun da hantsi, ta jingina kwamfutar a kan akwati. Doka ita ce ba mai shiga ɗakin, ba ta magana da kowa, ba ta juya kai. Na kai Nusaiba ɗakin Inna, na dawo na zauna a bakin ƙofa ta waje, inda nake iya hango gefen fuskar kwamfutar ta tsagar labule. Wayar na sa ta a kan ɗan tulu kusa da ni.

Ba a daɗe da farawa ba sai ga sallamar Iya Larai. Ta ce ta zo gaida Inna. Ta gaishe ta, amma maimakon ta tafi sai ta dawo ta zauna kusa da ni ta miƙe ƙafa, hannunta cikin zani. A raina na ce yau ga ranar da tsohuwa ta zaɓa ta yi hira. Ba ta yi hirar ba.

An ci fiye da rabi, ina jin ƙarar maɓallai, sai wayar ta yi ƙyas. Datar Yaya ta ƙare. Ban damu ba, na ce yanzu tawa za ta karɓa. Na jira. Ta tsagar labule na ga wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiyar kwamfutar, hannun Taiba ya tsaya. Na buɗe saƙon katin da na saya na karanta shi da kyau, abin da ya kamata in yi tun ran Litinin. Ta hira ce kawai, ta aika saƙo da murya a cikin wayar, ba ta ƙetarawa zuwa kwamfuta. Shi ya sa ta yi araha.

Ko na ruga bakin titi ba zan dawo kafin shafin ya rufe ba, kuma ba ni da abin sayen. Taiba ba ta juyo ba, ba ta kira ni ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon zoben, bakinta yana motsi.

Iya Larai ta taɓa gwiwata. Ta ce a hankali, "Ta ƙare?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "To kashe tashi."

Na ce, "Iya, in na kashe ai shi ke nan."

Ta fito da hannunta daga zani, da wayar jikarta a ciki, mai tsagaggen gilashin. Ta ce, "Fa'izu ya ce in ta ƙare ki kashe ta marigayi, kwamfuta ta san hanya. Yi maza."

Na kai yatsa kan sunan Yaya. Ban san me ya sa ya yi mani nauyi ba, abin da Taiba take kashewa kullum da yamma. Na danna, ya ɗauke. Na koma ga labule. Zoben ya ci gaba da juyawa, ya juya, ya juya. Sai ya ɓace, tambayoyin suka dawo. Taiba ta ɗaga hannu ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na dubi wayar da ke hannun Iya Larai. A samanta an rubuta Jafaru Mai Albasa.

Ta yi mani bayani da raɗa. Tun ranar da na je wurinsu suka tafi yankan albasa a gonakin Bakolori, su duka masu ƙarfi a jika. Abin da suka samu suka haɗa suka kai wa Fa'izu, ya saya masu data a layin jikarta, irin wadda kwamfuta ke sha. Ya sa wa wayar sunan marigayi da kalmarsa, harafi da harafi, ya ce in suna da kalma sun zo ɗaya kwamfuta ba ta bambancewa, za ta kama da kanta. Ta rantse mani ko ƙwandalarsa babu a ciki, ya so ya ƙara suka hana, don ya gaya masu dalilin da na ce masa ya sa mai takaba ta ƙi tasa.

Na ce, "Ku kuma fa? Duk kwanakin nan ba ku ji daga kowa ba?"

Ta ce in yi shiru kada in dami mai rubutu. Wayar ta yi zafi a hannunta, na ɗauke ta Yaya daga kan tulun, ta ɗora tata.

Ana gab da kiran Azahar Taiba ta danna na ƙarshe. Irin jarrabawar nan ce da ke nuna sakamako nan take. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe kyamarar ta ce, "Zakiyya, shigo."

Ta ci, har da sarari.

Sai ta ga wayar Yaya a hannuna a kashe, ta dubi kusurwar kwamfutar inda sunansa yake nan a jone. Ta sake duban hannuna. Na gaya mata komai, har da wautar katina, ban rage ba. Iya Larai kuwa tuni ta zare jiki ta fita, ta bar wayar a kan tulu.

Taiba ba ta iya fita, sai ta ja akwati ta hau, ta kama ƙarfen taga. Suna nan a gindin katangar, sun dawo sun jeru, ba waya a hannun kowa. Ta gaishe su da sunayensu, ashe ta san su duka.

Iya Larai ta ce daga ƙasa, "Kin ci?"

"Na ci, Iya."

"To madalla. Mu an raba mu da namu ba a tambaye mu ba. Ke dai a hwaɗa ma ɗiyar nan uwatta ba ta zuwa ko'ina."

Juma'a, da safe

Na kira Baffa Hamma na gaya masa. Ya ce Allah ya sa albarka, a gaida Inna.

Nusaiba na gaya mata jiya a gaban Inna, yadda Iya Larai ta ce. Ta dube ni kamar na faɗi abin banza, ta ce da ma ina Ummanta za ta je. Inna ta juya fuska ga bango, ta ce, "Babba ya yi dacen mata." Ta faɗa sau ɗaya, ta koma ga carbinta.